Gishirin Awe a Miyar Turanci: Nazari a Kan Auna Turancin Ɗaliban Sakandare

1.0 Gabatarwa

Wataƙila mai karatu zai yi mamakin ganin maƙala a kan jarrabawar Turanci a cikin mujallar ɗaliban Hausa. To, a yi mini uzuri, akwai dalili. Ni mutumin Awe ne, a kudancin Jihar Nasarawa, garin da ya yi suna wajen gishiri tun kafin zuwan Turawa. Alago ne harshen da na tashi da shi a gida, Hausa a kasuwa da wajen wasa na tsince ta, Turanci kuwa sai da na shiga aji. Karon farko da na zauna jarrabawar kammala sakandare na ci sauran darussa, amma Turanci ya ba ni D7. Wannan sakamako shi ya zaunar da ni gida shekara guda cur, ina kallon abokan karatuna suna tafiya Keffi da Lafiya da Jos.

A dogon hutun 2024 na koma gida, sai ƙanwata da wasu 'yan ajinsu masu shirin shiga ajin ƙarshe na babbar sakandare suka roƙe ni in riƙa yi musu darasin Turanci da yamma. Na ce, "Ni fa Hausa nake karantawa." Ƙanwata ta ce, "Yaya, ai kai ka taɓa faɗawa, ka san inda ramin yake." Aka yi dariya, amma gaskiya ta faɗa. Yaran nan akwai Hausawa, akwai Alago da Jukun da Tiv, kuma dukkansu da Hausa suke hira a tsakaninsu. Da na fara duba littattafansu, sai na lura da abin da ban gani ba lokacin da nake kamarsu: yawancin jimlolin da malami ya ja wa jan biro, idan na mayar da su Hausa kalma bayan kalma, sai su zauna daram. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa ke nan, wato wanda ya san nahawun Hausa yana iya hango inda ɗalibi zai yi tuntuɓe a Turanci, kuma da wannan sani ne ake tsara gwajin da zai amfane shi.

2.0 Me Ake Aunawa?

Hukumomi biyu aka fi sani da shirya jarrabawar kammala sakandare a Nijeriya: WAEC, wadda aka kafa a 1952, da NECO, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1999. Jami'o'inmu suna neman kiredit a Turanci, wato daga C6 zuwa sama, ko da Hausa mutum zai karanta. Bayan haka ga jarrabawar JAMB, inda Turanci ya zama dole ga kowa.

A manhajar WAEC da na yi aiki da ita a 2024, Turanci takarda uku ne. Ta ɗaya tambayoyin zaɓi ne guda 80, waɗanda ɗalibai ke kira canki-canka, rabi a kan kalmomi da salon magana, rabi a kan ginin jimla, a cikin awa ɗaya, maki 40. Ta biyu ta ƙunshi insha'i mai kalmomi kimanin 450 a kan maki 50, da auna fahimta a kan maki 20, da taƙaitawa a kan maki 30, a cikin awa biyu. Ta uku ta furuci ce, tambayoyi 60 a cikin minti 45, maki 30.

Domin a ga nauyin wannan darasi, a tuna abin da ya faru a watan Agustan 2025. Da farko WAEC ta bayyana cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen makin tambayoyin zaɓi na Turanci, ta nemi afuwa, adadin ya koma kashi 62.96. Ke nan takarda ɗaya tak ta isa ta juya makomar dubban ɗaruruwan yara.

Hanyar da na bi wajen nazarin kurakuran ɗalibaina ba sabuwa ba ce. A 1957 masanin harshe Robert Lado ya kawo ra'ayin cewa idan aka jera harshen ɗalibi da harshen da yake koyo aka kwatanta su, wuraren da suka saɓa a nan wahala za ta fito. A 1967 kuma S. Pit Corder ya nuna cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta tsarin da yake ginawa a ƙwaƙwalwarsa, ya kuma raba kuskuren rashin sani da suɓul da baka, wanda ɗalibi zai iya gyarawa da kansa idan aka nuna masa.

3.0 Nahawu

3.1 Lokaci. A Hausa lamiri ne ke ɗaukar nauyin nuna lokaci, aikatau kuwa yana nan yadda yake: na dafa, zan dafa, nakan dafa. A Turanci jikin aikatau ne ke sauyawa. Shi ya sa ɗalibi zai rubuta "Yesterday my mother cook rice", yana ganin tunda ya ce jiya, magana ta ƙare. Daidai shi ne "cooked".

3.2 Suna da lamiri. Muna cewa "Audu ya tafi gona", suna da lamiri a jere, kuma dole ne. Ɗalibi ya kwashe wannan tsari ya kai Turanci, sai ka ga "Audu he went to the farm". A Turanci ɗaya ake ɗauka, ko suna ko wakilinsa.

3.3 Jinsi. A nan ne ajin nawa ya rabu biyu. Harshen Alago, kamar Tiv da Jukun, ba ya raba "shi" da "ita", kuma Hausar da yawancinmu muka tsinta a kasuwa ba ta damu da jinsi ba. Ni kaina an yi mini dariya a shekarar farko ta jami'a ranar da na ce "rigana ya yage". Irin waɗannan ɗalibai su ke rubuta "My sister said he is coming". Waɗanda Hausa ce harshen uwarsu ba sa wannan kuskure a kan mutane, amma sukan ba abubuwa jinsi, kamar "I washed my shirt and dried her", saboda riga mace ce a Hausa. Ashe aji ɗaya yana iya buƙatar tambaya iri biyu a kan ƙa'ida ɗaya.

3.4 Adadi. Hausa ta yarda a ce "buhu uku" ko "shekara goma", suna yana tilo tunda lamba ta riga ta nuna yawa. Daga nan "three bag of salt" ta samo asali. A ɗaya gefen kuma, muna da shawarwari da bayanai da kayayyaki, duk jam'i ne ingantattu, sai ɗalibi ya ƙirƙiro "advices" da "informations" da "luggages", alhali Turanci ba ya yi wa waɗannan jam'i.

3.5 Harafin "a". Muna cewa a Awe, a makaranta, a ranar Litinin. Turanci ya raba wannan harafi ɗaya gida uku: "in Awe", "at school", "on Monday".

3.6 Tambayar korewa. Idan aka ce wa Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" zai amsa, "E, ban ci ba." Wato ya gaskata mai tambaya. Bature kuwa abin da ya faru yake dubawa, tunda bai ci ba, amsarsa "No, I haven't". Haka kuma "ko ba haka ba?" tana bin kowace jimla a Hausa, shi ya sa ɗalibai ke liƙa "isn't it?" a ko'ina, har a "You will come tomorrow", inda "won't you?" ce ta dace.

Amfanin wannan ga mai tsara tambaya shi ne, a cikin amsoshi huɗu na tambayar zaɓi, ɗaya daidai ce, sauran uku tarko ne. Tarkon da ba ya kama kowa ba shi da amfani, domin ɗalibi zai watsar da shi ko bai san ƙa'ida ba. Tarko mai kyau shi ne wanda aka gina a kan abin da harshen ɗalibi ke raɗa masa a kunne. Idan ya tsallake shi, malami ya tabbata ƙa'idar ta zauna. Idan ya faɗa, malami ya san ainihin abin da zai koyar gobe.

4.0 Kalmomi

Babbar matsala a nan ita ce kalmar Hausa ɗaya mai faɗin ma'ana, wadda Turanci ya yayyanka. Ga misalai huɗu da na fi cin karo da su:

Ji: muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, muna jin Hausa. Turanci yana da "hear", "smell", "feel" da "understand". Saboda haka "I am hearing a bad smell" da "I don't hear French" kuskure ne.

Sha: muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan mangwaro, wasu na shan taba. A Turanci "drink", "take", "eat" da "smoke".

Aro: "na ari biro" da "ara mini biro" tushensu ɗaya. Turanci ya raba mai karɓa da mai bayarwa, "borrow" da "lend". Daga nan "Borrow me your pen" ta fito.

Baƙo: wanda ba ka sani ba baƙo ne, wanda ka gayyata ma baƙo ne. Ɗalibar da ta rubuta "My mother cooked for our strangers" tana nufin "guests".

Bugu da ƙari, manhajar tana auna kalmomin fannoni, kamar noma da kiwon lafiya da shari'a da banki. A nan na ga abin tausayi. Yaron da ya tashi a gonar doya da riɗi da shinkafa, wanda ya san huɗa da sussuka da shiƙa tun yana ƙarami, sai ya faɗi tambaya a kan noma don bai san "ridge" da "thresh" da "winnow" ba. Ilimin yana da shi, suna ne kawai ya rasa. Abin da na yi shi ne in sa su jero kalmomin fanni da Hausa tukuna, sannan mu nemo takwarorinsu. Kalmar da aka rataya a kan abin da yaro ya riga ya sani ba ta saurin faɗuwa.

5.0 Salon Magana

Da salon magana ina nufin jerin kalmomin da ma'anarsu ba ta fitowa daga ma'anar kowace kalma ita kaɗai, kamar "cin fuska" ko "shan iska". Idan aka kwatanta na Turanci da na Hausa, za a iya kasa su gida uku.

Kashi na farko, hoto ɗaya ma'ana ɗaya. "To drag one's feet" shi ne jan ƙafa, wato jinkiri da gangan. Waɗannan kyauta ce ga ɗalibi.

Kashi na biyu, hoto dabam ma'ana ɗaya. Bature hanci yake tsomawa a sha'anin mutane, "to poke one's nose", mu kuwa baki muke tsomawa. "Once bitten, twice shy" ita ce tamu ta wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da zarar an haɗa su, ɗalibi ya riƙe.

Kashi na uku shi ne mai haɗari, hoto ɗaya ma'ana dabam. "To pull someone's leg" zolaya ce, ba ta da dangantaka da jan ƙafa. "To give someone a hand" taimako ne, mu kuwa ba da hannu gaisuwa ce. "Bad blood" gaba ce tsakanin mutum biyu, baƙin jini kuwa rashin karɓuwa ne a wurin jama'a.

Wanda ba zan manta ba shi ne na gishiri. Na rubuta musu a allo: "Take what Bala says with a pinch of salt." Na ba da zaɓi huɗu: a ƙara a kan abin da ya faɗa, kada a gaskata duk abin da ya faɗa, a gode masa, a riƙe maganarsa a asirce. Yawancinsu suka ɗauki na farko. Da na ce na biyu ne daidai, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mu fa 'yan Awe ne, gishiri ƙari ne, ba ragi ba." Yana da hujja, domin a Hausa ƙara wa zance gishiri shi ne kambama shi. Sai na ce masa, "To, riƙe ta haka: Bala ne mai ƙara gishiri, kai kuma Bature ya ce ka yi hattara da miyarsa." Daga ranar babu wanda ya sake faɗuwa a kanta. Abin lura shi ne, yaran ba canka suka yi ba, tunani suka yi, sai dai da Hausa suka yi shi.

6.0 Rubutun Insha'i

Insha'i shi ya fi kowane sashe maki, kuma a nan ne na tabbata na faɗi a karon farko. Makinsa 50 an kasa shi huɗu: ƙunshiya 10, tsari 10, sarrafa harshe 20, kiyaye ƙa'idojin rubutu 10. A kashi na ƙarshe, kowane kuskuren nahawu ko na harafi ko na alamar rubutu yana cin rabin maki. Ke nan kuskure 20 sun isa su share goman nan kakaf, kuma ɗalibin da ke manta "ed" a bayan aikatau yana iya yin ashirin ɗin kafin ya kai tsakiyar shafi.

Abubuwa uku na gani suna maimaituwa. Na farko, gaisuwa a wasiƙar hukuma. A tarbiyyarmu rashin kunya ne ka faɗa wa babba buƙatarka ba ka tambayi lafiyarsa da ta iyalinsa ba, shi ya sa wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma takan fara da "How is your family?" A Turanci wasiƙar hukuma tana buƙatar adireshi biyu da kanu, sannan a shiga magana kai tsaye. Na biyu, doguwar jimla. Labarin Hausa yana tafiya da "sai", kuma yana da daɗi a haka, amma idan kowace "sai" ta zama "and then", za a sami sakin layi guda babu aya ko ɗaya. Na uku, hadda. Ɗalibi ya haddace insha'in wani, ya zo ya juye ko ya dace da tambaya ko bai dace ba, ya rasa makin ƙunshiya.

Ga yadda na gwada su. Makon farko na ba su batun ziyarar filin jirgin sama, wanda na ɗauko daga wani littafi. Kusan duk abin da suka kawo gajere ne, babu rai, don yawancinsu ba su taɓa zuwa ba. Mako na biyu na ce su bayyana wa baƙo yadda ake yin gishiri a Awe. Sai ga shafuka cike: yadda mata ke tara ƙasa mai gishiri da rani, a zuba a tukwane masu huda a gindi, a kwarara ruwan gishiri a kai ya tace, a dafa har ruwa ya ƙone gishiri ya fito. Kurakuran nahawu suna nan, amma tsari ya fito, domin aikin kansa yana da farko da tsakiya da ƙarshe. A nan na fahimci cewa batun farko bai auna Turancinsu ba, ya auna ko sun taɓa tafiya ne.

7.0 Shawarwari da Ɗan Gwaji

Ga duk ɗan'uwa ɗalibi da zai sami kansa a gaban aji, ina ba da waɗannan shawarwari. Kowace tambaya ta auna abu ɗaya. A gina tarko a kan harshen da yaran ke magana da shi. A gwajin aji, a zaɓi nau'in kuskure ɗaya a bi shi a mako, maimakon a cika takarda da jan biro har yaro ya karaya. A bar ɗalibi ya tsara dabarunsa da Hausa idan ya so, amma ya rubuta jimlolinsa da Turanci, gajeru. Sannan a tuna ba kowane kuskure ne daga Hausa ba. Wasu daga Turancin Buroka suke, wasu kuma daga cikin Turancin kansa, kamar yaron da ya koyi "ed" ya rubuta "goed".

Ga tambayoyi huɗu, mai karatu ya gwada kansa, ya kuma nemo tarkon Hausa a kowace:

1. You haven't paid, have you? A. Yes, I haven't. B. No, I haven't. C. Yes, I didn't. D. No, I have.

2. The teacher gave us useful ... A. advices B. advise C. advice D. advises

3. Please, ... me your ruler. A. borrow B. lend C. rent D. owe

4. There is bad blood between the two traders. This means that they A. are unpopular B. are sick C. are relatives D. hate each other.

Amsoshi: 1. B, 2. C, 3. B, 4. D. Tarkon Hausa a dukkansu shi ne A.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba sassan jarrabawar Turanci ta kammala sakandare, ta kuma nuna yadda nahawu da kalmomi da salon maganar Hausa ke bin ɗaliban Awe har cikin ɗakin jarrabawa. Da yawa daga cikinmu, idan muka je koyarwar gwaji ko bautar ƙasa, za a miƙa mana alli a ce mu riƙe ajin Turanci saboda ƙarancin malamai. Kada mu ce ba fanninmu ba ne. Darasin lamiri da jinsi da adadi da muke yi a wannan sashe shi ne zai sa mu gane dalilin da yaro ya rubuta abin da ya rubuta, mu kuma yi masa bayani da harshen da yake ji. Ni ban sami wanda zai yi mini wannan bayani ba sai bayan na rasa shekara guda. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma ƙannenmu da ke ajin ƙarshe yanzu suna jiran wanda zai nuna musu ramin tun kafin su isa bakinsa.